Bitar Aikin Injiniyoyin da Suka Tsara Mana Hanyar Bayanai Tsakanin Kano da Legas

Kamfanin da zan yi bitar aikinsa a nan ba ya sayar da intanet, ba ya kuma sayar da kwamfuta. Sana'arsa ita ce tsara hanyar da bayanai za su bi tsakanin manyan kwamfutocin wata ma'aikata, da raba ƙarfin layin da ma'aikatar ta riga ta saya tsakanin ayyukan da ke rububinsa, sannan ya ci gaba da sa ido a kan tsarin bisa kuɗin da ake biyansa duk wata. Ofishinsa yana cikin birnin Kano, injiniyoyinsa matasa ne 'yan gari, kuma na sakaya sunansa ne saboda yarjejeniyar da ke tsakaninmu ta hana kowane ɓangare ambaton ɗayan a bainar jama'a. Ra'ayina shi ne sun ƙware ƙwarai wajen gano inda cuta take da tsara maganinta, amma suna da rauni a aikin da ke biyo baya, na rubuce-rubuce da bin diddigi da amsa kira cikin dare, kuma duk wanda zai ba su aiki ya kamata ya san waɗannan fuskoki biyu tun kafin ya sa hannu.

Ni ne ke kula da sashen kwamfuta a wani kamfanin dillancin kayan masarufi mai hedikwata a Bompai, da sito a Sharada, da shaguna a Kasuwar Singa da Dawanau. Manyan kwamfutocin da ke riƙe da lissafin kaya da na kuɗi suna wani ɗaki a hedikwatar, kwafinsu yana wata cibiyar adana bayanai a Legas, manhajar albashi da ta wasiƙun ma'aikata kuwa suna zaune a wata cibiya a Turai. Kafin zuwan waɗannan injiniyoyi a 2023, koke ɗaya ake kawo mini kullum: da la'asar ta yi, lokacin da motoci suka yi layi a ƙofar sito, sai takardar fitar da kaya ta ƙi fitowa, akawu yana kallon allo, direba yana tsaye a kansa, 'yan dako sun zauna a kan buhunan shinkafa suna jira. Shawarar da kowa ke bayarwa, har da masu sayar mana da intanet, ita ce a ƙara faɗin layi. An ƙara, kuɗin wata ya hau, takardar ba ta daina maƙalewa ba.

Abin da ya fara jawo hankalina gare su shi ne sun ƙi faɗin farashi a zaman farko. Suka nemi a bar su su ɗora manhajar awo a kan rautocinmu, wato na'urorin da ke tura bayanai daga wannan layi zuwa wancan, na wasu makonni, har a haɗa da ƙarshen wata lokacin da lissafi ke yin yawa, domin su ga wane irin bayani ne ke bin layin, daga ina zuwa ina, kuma a wane lokaci. Da suka dawo da sakamako, sai ya bayyana cewa matsaloli biyu ne suka haɗu, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ƙarin faɗin layi zai warkar.

Ta farko ita ce hanya. Hedikwatarmu tana kan layin wani kamfanin intanet, siton Sharada yana kan na wani daban, kuma kamfanonin biyu ba sa musayar bayanai a Kano. Babban injiniyansu ya buɗe kwamfutarsa a gabana ya bi sawun ƙunshin bayani guda daga Sharada zuwa Bompai, sunayen rautocin da ya ratsa suka jeru a allo ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi ya tafi har Legas, a can ya tsallaka zuwa layin kamfani na biyu, sannan ya juyo Kano. Wurare biyu da ke cikin gari ɗaya, amma zancensu sai ya zaga ta bakin teku. Illar wannan zagaye tana da lissafi da ba ya canzawa: haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya cikin wayar faiba, don haka kowane kilomita 100 yana ƙara milisakan ɗaya, wato ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, a zuwa da dawowa. Tsakanin Kano da Legas akwai kimanin kilomita 1,000 ta hanyar mota, wadda ita ce wayoyin suka fi bi, ke nan tambaya da amsarta tsakanin Sharada da Bompai ba za su yi ƙasa da milisakan 20 ba ko da komai lafiya lau yake, a zahiri kuwa sun fi haka saboda kowace na'ura a hanya tana cin nata lokacin. Wani zai ce milisakan 20 ba abin damuwa ba ne, kuma da tambaya ɗaya ake yi da ya yi gaskiya, amma manhajar lissafi irin tamu tana yi wa babbar kwamfuta tambayoyi da dama a jere kafin ta fitar da takarda guda, ba ta aika ta gaba sai amsar ta baya ta iso. Jinkirin hanya yana ninkuwa ne da yawan tambayoyin, kuma faɗin layi ba ya rage nisan Legas.

Nijeriya tana da cibiyar musayar intanet, IXPN, wadda aka kafa a 2006 domin bayanan cikin gida su riƙa zama a cikin gida, kuma bayan Legas tana da mahaɗa a Abuja da Fatakwal da Inugu da nan Kano. Sai dai kasancewar mahaɗa a gari bai tilasta wa kowane kamfani ya haɗu da ɗan'uwansa a wurin ba. Injiniyoyin sun koya mini tambayar da ban taɓa jin mai saye ya yi ba, wato a nemi kamfanin intanet ya faɗa a rubuce a wane gari yake musayar bayanai da sauran kamfanoni. A namu ɓangaren ba su jira amsar kowa ba, suka haɗa Bompai da Sharada da layin rediyo na kanmu, bayanan sito suka daina fita daga Kano.

Matsala ta biyu ta fi ta farko muni, kuma a nan ne na fi ganin ƙwarewarsu. Layinmu na zuwa Legas yana ɗauke da abubuwa iri-iri a lokaci guda: kwafin bayanan da ake turawa cibiyar adanawa, hotunan kyamarorin tsaro, sabunta manhajojin kwamfutoci, kiran waya ta intanet, da ƙananan saƙonnin lissafi. Rauta ba ta san daraja ba sai an sanar da ita, wanda ya riga zuwa shi take fara sallama, idan kuma layi ya cika sai ta tara sauran a ma'ajiyarta su bi sahu. Manyan ayyuka irin su kwafin bayanai an gina su ne su riƙa ƙara gudu har sai sun cika duk sararin da suka samu, don haka ko an ninka layin, cikin ɗan lokaci za su sake cika shi. Lissafin da injiniyan ya yi mini a bayan takarda mai sauƙi ne: idan megabait ɗaya na bayanai, wato megabit 8, ya taru a sahu a bakin layi mai megabit 10, duk wanda ya zo baya sai ya jira kusan daƙiƙa 0.8 kafin ya wuce. A ɗauka manhaja tana yin tambaya 50 a jere, kowace tana shan wannan jira, an sami daƙiƙa 40 ke nan a kan takarda guda. Abin ya yi kama da rabon ruwan noman rani a Kadawa, inda gonar da ke bakin magudana za ta iya shanye ruwan gaba ɗaya ta bar na ƙarshe a bushe, komai yawan abin da aka sako daga Tiga, matuƙar babu mai tsaron ƙofa da ke raba shi bisa tsari.

Tsarin da suka kafa ya kasa bayananmu aji huɗu. Ajin farko na lissafin kaya ne da biyan kuɗi da kiran waya, waɗanda ba su da nauyi amma ba sa jure jira, kuma su ake fara sallama a kowane hali. Na biyu na wasiƙu ne da sauran aikin ofis, na uku na kyamarori, na huɗu na kwafin bayanai da sabunta manhaja. Kowane aji an yanka masa kason da ba za a taɓa hana shi ba, an kuma ba shi damar aron abin da na sama da shi bai yi amfani da shi ba, ta yadda da tsakar dare, lokacin da shaguna suke rufe, kwafin bayanai yana cin layin kusan gaba ɗaya ba tare da ya takura wa kowa ba. Wata dabara da ta ba ni mamaki da farko ita ce sun rage gudun rautarmu zuwa ƙasa kaɗan da abin da muke biya. Dalilinsu shi ne idan muka tura bayanai daidai da iyakar layin, sahun zai taru ne a na'urar kamfanin intanet inda ba mu da iko, idan kuwa muka tsaya ƙasa kaɗan, sahun zai taru a tamu na'urar, inda mu ke yanke wanda zai fara wucewa. A cikin kowane aji kuma sun kunna tsarin sahu na fq_codel, wanda ya samo asali daga aikin da Kathleen Nichols da Van Jacobson suka wallafa a 2012, mai hana sahu tsawaita da hana haɗi guda danne sauran. Na'urorin da suka zaɓa na MikroTik ne, kamfanin ƙasar Latbiya, waɗanda ake samu a kasuwa a nan kuma masu gyaransu suna da yawa a gari.

Wannan tunani ba ƙaramin tunani ba ne, domin shi ne manyan kamfanonin duniya ke tafiya a kansa. A 2013 injiniyoyin Google sun bayyana yadda suke gudanar da B4, hanyar sadarwar da ke haɗa cibiyoyin bayanansu a nahiyoyi daban-daban, inda suka nuna cewa bisa al'ada ana barin irin waɗannan layuka suna aiki da kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na ƙarfinsu don tsoron cunkoso da katsewa, su kuwa suna cika wasu layukansu kusan ɗari bisa ɗari, saboda sun bambanta bayanin da ba ya jira da wanda zai iya ja da baya ya ba da hanya. Mu da muke sayen kowane megabit da tsada a Arewa, nesa da inda wayoyin teku suke sauka, mun fi su buƙatar wannan hikima.

Rabon layi dai ba aikin na'ura kaɗai ba ne, yanke hukunci ne a kan wane aiki ya fi wani, kuma a nan sai da aka je gaban maigida. Alhaji yana son kallon kyamarorin sito a wayarsa, musamman da yamma, daidai lokacin da layin ya fi cika, kuma tsarin ya ajiye kyamarori a aji na uku. Shugaban injiniyoyin bai ɓoye wannan a cikin saituna ya yi shiru ba. Ya zauna gaban Alhaji ya ce masa, ranka ya daɗe, da yamma hoton zai riƙa ɗan dusashewa, amma mota ba za ta ƙara kwana a ƙofar sito saboda takarda ba, kuma cikakken hoton yana nan a ajiye a na'urar sito duk lokacin da aka buƙace shi. Alhaji ya amince nan take. Na yaba da wannan matuƙa, domin na san masu sana'ar da yawa da za su ɗaga kyamarar maigida zuwa ajin farko don neman shiga, su lalata tsarin da aka biya su su gina.

Sashe mafi girma na aikin, kuma mafi tsada, shi ne mayar da mu masu cin gashin kanmu wajen zaɓen hanya. A da kowane kamfanin intanet adireshinsa yake ara mana, idan layinsa ya faɗi adireshin ya tafi da shi, sai an bi shaguna ɗaya bayan ɗaya ana sauya saituna da hannu. Injiniyoyin suka shirya mana takardun neman lambar hanyar sadarwa ta kanmu da rukunin adireshi 256 daga AFRINIC, hukumar da ke rabon adireshin intanet a Afirka mai mazauni a Morishus. Adadin 256 ba zaɓi ba ne na son rai, shi ne mafi ƙanƙantar rukunin adireshin IPv4, wato tsohon tsarin adireshin intanet, da akasarin manyan hanyoyin sadarwa na duniya ke karɓar sanarwarsa. Da wannan muka fara magana da kamfanonin intanet biyu ta BGP, ƙa'idar da hanyoyin sadarwa ke sanar da juna inda kowane adireshi yake, wadda Yakov Rekhter da Kirk Lougheed suka fara tsarawa a 1989 kuma har yau a kanta intanet take tsaye.

Abin da mai saye ya kamata ya fahimta game da BGP shi ne ba ta auna gudu ko cunkoso. Tana zaɓen hanya ne bisa fifikon da mai na'ura ya saita, sannan bisa yawan hanyoyin sadarwar da za a ratsa, don haka tana iya zaɓen hanya mai cunkoso ta bar wadda babu kowa a kanta idan ba a gaya mata ba. Ƙwarewar injiniya tana bayyana ne a wannan fifiko. Sun saita bayanan da ke zuwa cibiyar Legas su bi kamfanin da awo ya nuna ya fi kusa da ita, sauran zirga-zirgar intanet ta bi ɗayan, kowanne kuma ya zama madadin ɗan'uwansa. Ba su cika rautarmu da cikakken jadawalin hanyoyin duniya ba, wanda ya haura hanya 900,000, suka karɓi hanyoyin cikin Nijeriya kawai tare da hanya guda ta gaba ɗaya daga kowane kamfani, abin da ya rage nauyi a kan na'urar ba tare da mun rasa wani abin da muke buƙata ba. Sun kuma kula da lokacin gano katsewa: na'urori da yawa suna zuwa da saitin da zai sa su jira har minti 3 kafin su yarda cewa maƙwabcinsu ya mutu, minti 3 kuwa a shagon Singa ranar ciniki ba ƙaramin lokaci ba ne. Suka haɗa da ƙa'idar BFD a layin kamfanin da ya yarda da ita, wadda ke gano katsewa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, a ɗaya layin kuma suka rage lokacin jiran gwargwadon abin da kamfanin ya amince.

Sun ba tace sanarwa, wato hana rauta sanar da hanyar da ba tata ba, muhimmanci ƙwarai, kuma suna da hujja. Ranar 12 ga Nuwamban 2018 kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya sa hanyoyin Google suka zube zuwa China Telecom, daga nan suka bazu har Rasha, bayanan masu amfani da Google a wasu sassan duniya suka bi hanyar da ba tasu ba na sama da awa guda, kamfanin kuma ya fito ya amsa cewa kuskure ne aka yi yayin aikin inganta hanyarsa. Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace na kusan awa 6 bayan wani aikin gyara ya kai ga janye sanarwar hanyoyinsu, abin da 'yan kasuwar Kano masu ciniki ta WhatsApp ba su manta ba. Duk mai layi biyu yana iya zama gadar da ba a nema ba tsakanin kamfanonin biyu idan ya sanar da ɗaya hanyoyin da ya koya daga ɗayan. Injiniyoyin sun rufe wannan ƙofa ta yadda rautarmu ba ta sanar da komai sai adireshinmu, suka kuma yi wa adireshin rajistar RPKI domin wasu su iya tantance cewa mu ke da ikon sanar da shi.

A cikin ɗakin kwamfutocin kansa ba su yi wani babban sauyi ba. Na tambaye su game da tsarin da manyan cibiyoyi ke bi na jera suwic, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutocin wuri ɗaya, hawa biyu kowanne haɗe da kowanne, wanda tushensa ke komawa ga aikin Charles Clos na 1953, suka ce kwamfutocinmu ba su kai yawan da zai buƙaci haka ba, suwic biyu masu mara wa juna baya sun wadatar. Da sun so sayar mana da kaya, a nan ne damar take.

Babban gwajin tsarin ya zo ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin kwanakin farko na azumi lokacin da cinikin kayan abinci ke kan ganiyarsa, sa'ad da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta tabarbare a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna suka riƙa ƙin aiki. Lissafin kayanmu da kwafinsa na Legas ba su ji komai ba, domin hanyarsu ba ta fita daga ƙasa. Abin da ke Turai ya yi nauyi sosai, amma bai yanke gaba ɗaya ba, saboda ɗaya daga cikin kamfanonin namu ya sami mafita ta wayoyin da ba su lalace ba, irin su Equiano ta Google da ta sauka Legas a 2022, injiniyoyin kuma suka karkatar da zirga-zirgar waje zuwa gare shi tun da hantsi, suka matse aji na uku da na huɗu domin albashi da wasiƙu su sami wucewa. A wannan rana sun ci kuɗinsu da halal.

Babban kuskurensu ya fito ne ta inda ba a zata ba. Wata rana ana aikin faɗaɗa wani titi kusa da hedikwatarmu, motar haƙa ta tsinke waya, layukanmu biyu suka mutu a lokaci guda. Bincike ya nuna wayoyin kamfanonin biyu, duk da sunayensu daban, takardun kuɗinsu daban, a rami ɗaya suke kwance na wani tsawo kafin su rabu. Duk ƙwarewar da aka zuba a BGP ba ta da amfani idan hanyoyin biyun da take zaɓa a tsakaninsu suna mutuwa da sara ɗaya. Injiniyoyin sun dogara ne da maganar baki ta wakilan kamfanonin cewa hanyoyinsu daban suke, ba su nemi taswira ba, ba su kuma taka sun bi wayar daga ƙofarmu zuwa inda ta shiga babban layi ba, alhali tsinkewar faiba saboda aikin titi abu ne da kowane mai wannan sana'a a Nijeriya ya sani. Wannan aikinsu ne, kuma yana cikin abin da aka biya su a kai. Daga baya sun gyara ba tare da karɓar kuɗin aiki ba, suka sa aka sauya wa layi ɗaya mashiga ta bayan ginin, suka ƙara hanya ta uku ta tauraron ɗan'adam na Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, suka keɓe ta ga ajin farko kaɗai ta cikin rufaffiyar hanyar VPN zuwa Legas. Gyaran ya yi kyau, amma sai da muka yi asarar cinikin yini kafin a yi shi.

Rauninsu na biyu shi ne rubutu. Har yanzu cikakken ilimin tsarinmu yana kan mutum ɗaya, babban injiniyansu. Takardar da suka miƙa bayan kammala aiki zane ne guda da jerin adireshi, babu bayanin dalilin da ya sa aka fifita wannan hanya a kan waccan, babu matakan da ma'aikacinmu zai bi idan abu ya lalace kuma ba a sami kowa a waya ba. Lokacin da ya yi tafiya zuwa Umara, wata ƙaramar matsala da zai warware cikin ɗan lokaci ta ɗauki mataimakansa yini guda suna lalube, ba don ba su iya aiki ba, sai don suna karanta saitunan da babu wanda ya rubuta manufarsu. Tsarin karɓar koke ma zauren WhatsApp ne kawai, da rana ana amsawa da sauri da ladabi, bayan sallar isha'i kuwa sai an dace, duk da yarjejeniya ta ce dare da rana. Rahoton wata-wata da suke turowa yana nuna matsakaicin amfani da layi na tsawon yini, wanda ke ɓoye ainihin abin da su da kansu suka koya mana dubawa, wato cunkoson 'yan mintuna da jinkirin ajin farko a lokacin da aka fi buƙatarsa.

Akwai kuma abubuwa biyu da na so su duba ba su duba ba. Sun bar IPv6, sabon tsarin adireshi mai maye gurbin IPv4, a gefe da hujjar cewa babu gaggawa, alhali tun Janairun 2020 AFRINIC ta shiga matakin tsuke rabon IPv4 inda ba ta ba mai nema fiye da adireshi 1,024 a karo guda, kuma tsara sabon abu a lokacin da ake gina komai ya fi sauƙi a kan ɗora shi daga baya. Haka nan ba su kwatanta mana ajiye kwafin bayananmu a nan gida ba, duk da cewa a ƙarshen Janairun 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a Kano. Akwai hujja mai ƙarfi ta barin kwafi a gari mai nisa, domin ambaliya ko gobara ko tarzoma kada ta ci asali da kwafi tare, amma kwafi na kusa yana sa a dawo da aiki da sauri, kuma ya kamata a ce sun ajiye mana zaɓin biyu da farashinsu mu yanke.

Game da kuɗi, aikin farko yana da tsada ga matsakaicin kamfani, ga kuɗin shekara-shekara na AFRINIC da ake lissafawa da dala, ga na sa ido duk wata. A gefe guda kuma mun soke ƙarin faɗin layin da muka saya a baya, domin bayan an raba layin bisa tsari ya bayyana ba ma buƙatarsa, abin da aka rage a nan ya ɗauke kaso mai kyau na kuɗin sa idon. Mai shago ɗaya ko ofis ɗaya ba ya buƙatar lambar hanyar sadarwa ko BGP, rabon aji a kan rauta guda ya ishe shi, kuma na ji da kunnena sun gaya wa wani maƙwabcinmu haka. Wanda aikinsu ya dace da shi shi ne mai rassa da yawa da manyan kwamfutoci a gari fiye da ɗaya, kamar asibiti mai zaman kansa, ko makaranta mai cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, ko bankin ƙananan 'yan kasuwa, ko masana'anta a Challawa da ke da ofis a Legas.

Mun sabunta yarjejeniya da su, amma bisa sharuɗɗa uku da na ba duk mai niyyar ɗaukarsu shawarar ya sa tun farko. Na ɗaya, su kawo taswirar hanyar kowace waya daga ƙofarmu zuwa babban layi, da sa hannun kamfanin da ke da wayar. Na biyu, su rubuta littafin tsarin da dalilin kowane saiti, su kuma zaunar da ma'aikatanmu biyu su koya musu shi har su iya karkatar da hanya da kansu. Na uku, a riƙa gwajin katsewa da gangan lokaci-lokaci, a zare wayar layi ɗaya bayan an tashi kasuwa a ga ko ɗayan zai ɗauka cikin lokacin da aka yi alkawari, a rubuta sakamakon a rahoton wata. Sun cika na farko, littafin yana hannunsu ana kan duba shi, na ukun kuwa suna neman a ƙara musu kuɗi a kansa saboda aikin dare ne, kuma har yanzu muna kan ciniki.